Ƙahon Lamba Bakwai

Laraba: Kaduna zuwa Kafanchan

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida a Sabon Tasha, jaka a kafaɗa, rikoda da makirufo a naɗe cikin leda biyu saboda ruwan sama. Maman yara ta rako ni bakin ƙofa tana mita, wai mutumin da ya yi ritaya ba ya sammako irin wannan sai in sujadar asuba za shi. Na ce mata aikin kwana huɗu ne kacal. Ta ce haka na faɗa lokacin da na tafi gyaran lasifikar cocin ƙanenta na share mako biyu.

Sunana Bitrus. Shekara talatin na yi ina ɗaukar sauti a gidan rediyo, kuma ba yabon kai ba, na iya. Aikina in kama magana in wanke ta tas: in cire tari, in cire carar zakara, in cire "e to" da "ka gane ko". Hayaniya ita ce abokiyar gabata. Wadda ta kira ni kuwa Madam Rifkatu ce, tsohuwar hedimistires a Kafanchan, benci ɗaya muka zauna da ita a firamare. Ta buɗe ɗan gidan tarihi a wasu tsofaffin azuzuwa biyu, tana so a yi wa kayan murya. Baƙo ya shigo, a ba shi waya da abin sawa a kunne, ya danna lambar da ke jikin kaya, ya ji bayaninsa da Hausa. Yawancin masu zuwa tsofaffi ne da mutanen ƙauye, rubutun da ke manne ba kowa ke iya karanta shi ba.

Mota ta cika ƙarfe shida da minti goma. Na samu gaba, kusa da direba, wani dogon mutum mai son waƙar coci da ƙarfi. Na roƙe shi ya rage.

"Baba, in na rage zan yi barci," in ji shi.

"To ƙara," na ce.

Bayan Kujama muka tarar da shingen farko. Sojan ya leƙo ya ga makirufo ya ɗan fito daga leda.

"Baba, wannan fa?"

"Na ɗaukar magana ne, ranka ya daɗe."

"To yi mana waƙa ɗaya ka wuce."

Na ce in na yi waƙa su da kansu za su kore ni. Ya yi dariya ya buga bayan mota. Shinge shida na ƙirga kafin Kachia, babu inda aka riƙe mu fiye da minti biyu.

Mun shiga Kachia ƙarfe tara saura minti goma, kilomita ɗari da 'yan kai daga gida. Tun kafin ka ga gari hancinka zai gaya maka ka iso, ƙamshin citta ko'ina. Na sha shayi da doya da ƙwai a bakin tasha, mai shayin ya zuba mini citta har sai da hawaye ya fito. Zonkwa ƙarfe goma da minti ashirin, aka sauke mata biyu da buhun masara. Daga nan ƙasa ta yi kore shar, duwatsu suka fara matsowa, hazon ruwa na zaune a kansu. Ƙarfe sha ɗaya da kwata muka tsallaka layin dogo muka shiga Kafanchan.

Madam na tsaye a ƙofar gidan tarihin da makullai a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Bitrus, ina gashin kanka?"

"Yana inda haƙoranki biyu suka tafi, Madam."

Sai da muka gama dariya ta zagaya da ni. Kaya goma sha biyu ta zaɓa a yi musu murya. Akwai turmin acca, da fitilar ma'aikatan reluwe, da tulun kiɗan zumuntar mata, da tsohuwar garma, da dutsen niƙa. Wayoyi shida aka ba ta kyauta, tsofaffi amma suna aiki. Raina ya yi fari, na ce wannan aikin yini biyu ne. Da muka zo lamba bakwai sai ta tsaya.

Ƙahon gwanki ne, tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, ya yi baƙi saboda hannu. An naɗe tsakiyarsa da fata, ga wata 'yar jakar fata a ɗaure a jiki kamar laya. Takardar da ke ƙasa ta ce: "Ƙahon tsafi. Daga gidan Baba Dogo, Ungwan Kanya."

"Ni na rubuta," in ji Madam. "Wani maƙwabcinsu ya kawo lokacin da muke tara kaya. Na ga fata, na ga wannan abu kamar laya, na ce ai shi ke nan. Ka san ni 'yar mai bishara ce, a gidanmu duk abin da ya tsufa kuma aka ɗaure shi da fata, tsafi ne. Ban tambayi kowa ba."

"To ina matsalar?"

Matsalar ita ce wani ya ɗauki hoton ƙahon da takardar ya saka a guruf ɗin wayar wata ikilisiya a Abuja. Babban ɗan Baba Dogo, Ishaya, dattijon ikilisiya ne a can. Aka yi ta tambayarsa ashe gidansu gidan matsafa ne. Ya kira Madam ransa a ɓace, ya ce ranar Asabar ƙarfe goma zai zo ya karɓi kayan gidansu ya ƙone. Ta kira Baba Dogo ta wayar maƙwabci ta tambaye shi mene ne ƙahon, ya ce ƙaho ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

"In na canja takarda zai ce na canja don tsoro," in ji ta. "Kuma me zan rubuta? Ban sani ba. Ka je ka ɗauko mini muryar tsohon nan. In tsafin ne, ya ɗauka ya ƙone, ba zan hana shi ba. In ba shi ba ne, kada wuta ta ci kayan mutane saboda alƙalamina."

A ɗakin baƙi na gidanta na sauka. Tuwon acca da miyar karkashi muka ci da yamma, na ƙara har sau biyu ban ji kunya ba.

Alhamis: Kafanchan zuwa Ungwan Kanya

Da safe na so mu ɗauki lamba ɗaya zuwa shida da muryar Madam kafin in tafi. Na manta ranar kasuwar aladu ce. Duk lokacin da ta buɗe baki ta ce "Wannan turmi", sai wata mota ta wuce a bayan taga da aladu suna tsala ihu kamar ana yanka su. Sau tara muka fara turmin nan. A na goma Madam ta kwashe da dariya ta kasa tsayawa, na naɗe wayoyina na ce sai gobe.

Ƙarfe sha ɗaya na hau bas zuwa Zonkwa, minti arba'in da biyar. Daga nan sai babur, kilomita goma sha huɗu a hanyar ƙasa. Mai babur ɗin magidanci ne mai furfura a gemu, ya ce sunan Baba Dogo ba baƙo ba ne a wajensa.

"Oga, ka riƙe ni da kyau, hanya ya lalace."

Bai yi ƙarya ba. Sau uku na sauka na taka da ƙafa, rikoda a ƙirji kamar jariri. A rafin da ke gab da garin ruwa ya kai gwiwa, na tuɓe takalmi na naɗe wando, shi kuma ya tura babur. Muka isa ƙarfe ɗaya da rabi.

Baba Dogo ya ci sunansa, ko a zaune ka san dogo ne. Ya haura tamanin, idanunsa sun yi yana, sai dai kunne garau. Matarsa Mama Saratu ƙarama ce, mai saurin hannu, kafin in gama gaisuwa ta ajiye mini kunun tsamiya a gabana. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban ɓoye zancen Asabar ba. Baba ya ɗago kai.

"Ya ce zai ƙone?"

"Haka ya ce, Baba."

"To."

Daga nan na shiga aikina yadda na saba. Tsakar gidan ba ta yi mini ba, ga kaji, ga awaki, ga mata na daka a maƙwabta. Na roƙi makullin ƙaramin ɗakin da ke bayan cocinsu, na rufe tagogi, na rataya bargo a ƙofa. Na zaunar da Baba a kujera, na kafa makirufo taki ɗaya daga bakinsa. Mama Saratu ta biyo mu da 'yar kujerarta, na tare ta a ƙofa da ladabi.

"Mama, ki yi haƙuri, shi kaɗai ake so. Ko numfashi na'urar nan tana kamawa."

Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ɗauki kujerarta ta koma.

Na sa abin kunne, na danna, na ɗaga masa yatsa alamar ya fara. Shiru. Na tuna ba ya gani sosai, na ce, "Baba, fara. Ni ba zan yi magana ba, kai dai ka yi ta bayani."

"Ƙaho ne," in ji shi. "Na baba na."

Na gyaɗa kai, irin gyaɗawar da muke yi a situdiyo don mai magana ya ci gaba. Shiru. Na ƙara gyaɗawa har wuyana ya yi ƙara.

"Na gwanki ne."

"Me ake yi da shi, Baba?"

"Ana busa."

Minti arba'in muka yi a ɗakin nan, gumi ya jiƙa mu sharkaf, abin da na samu bai kai minti ɗaya ba. Sauti kam tsaf, ko ƙuda babu, sai dai babu komai a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fara zargin ko dai tsafin ne da gaske shi ya sa tsoho ke ɓoyewa. Ƙarfe huɗu ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mai babur ya aiko cewa rafi ya cika, sai gobe. Aka gyara mini ɗakin Ishaya na samartaka, har da tsohon akwatinsa na ƙarfe a ƙarƙashin gado. Faten tsaki da yakuwa muka ci, mai zafi, ya ɗan sanyaya mini zuciya.

Juma'a: Ungwan Kanya, da komawa

Ƙarfe bakwai na fito da buroshi a baki. Gari ya wanke, rana ta fito. Baba na zaune a gindin mangwaro, Mama Saratu na gefensa tana ɓarar gyaɗa a faifai. Magana yake yi, ba ƙaƙƙautawa, yana ba ta labarin wata akuya da ta ɓata tun zamanin da ba a haife ni ba.

"Ana ji na?" in ji shi.

"Ana ji."

"Sai na bi sawu har bakin rafi."

"To!"

"Ashe akuya yana gidan Audu."

"Ka gani!"

Labarin da na tabbata ta ji sau ɗari, amma ko gaɓa ɗaya ba ta bari ta faɗi ƙasa ba. Ya ajiye, ta ɗauka, ya ci gaba. Na tsaya da kumfa a baki ina kallo. Na wanke baki na matsa kusa na durƙusa.

"Mama, jiya me ya sa Baba ya ƙi magana?"

"Bai ƙi ba. Kai ne ka ƙi amsawa." Ta watsa ɓawo ga kaji. "A wurin mu babba ba ya ba da labari ga iska. Sai da mai amsa. Wanda yana magana shi kaɗai a ɗaki a rufe, ko ya haukace ko maye ne. Ka kulle shi, ka kore ni, ka zauna kamar kututture. Me zai faɗa?"

Baba ya ce, "Na yi tsammani ka fita ma."

Kai, kunya ta kama ni! Shekara talatin ina koya wa yara a situdiyo su rufe baki in baƙo na magana, yau ga tsohuwa da faifan gyaɗa ta karanta mini darasi. Kuma abin haushin, kakata ma haka take yi, na sani sarai, aiki ne ya goge mini shi. Na shiga ɗaki da sauri na ɗauko rikoda. Ban kori kaza ko ɗaya ba. Na ajiye makirufo a kan turmin da aka kifa a tsakaninsu, na ce, "Mama, ki tambaye shi zancen ƙaho."

"Wane ƙaho?" in ji ta da ƙarfi, kamar ba ta sani ba.

"Ƙahon baba na mana! Ana ji na?"

"Ana ji."

Sai magana ta ɓalle. Ashe ƙahon gayya ne. Mahaifin Baba shi ne mai ƙahon garin. In damina ta yi tsakiya, ciwo ya kwantar da wani, ko mace mijinta ya mutu ciyawa ta cinye gonarta, sai ya hau dutsen bayan gari da carar zakara ya busa, dogo biyu, gajere ɗaya. Duk mai fartanya ya fito ya nufi inda bakin ƙaho ya duba. Ba a biyan kowa, in gidan na da kunu a sha, in babu a koma gida. Baba ya kwaikwayi busar da bakinsa, wani zakara ya amsa masa daga kan danga.

"Jakar fata ɗin fa?" in ji Mama. "Ba laya ba ne?"

"Laya ina! Kakin zuma ne a ciki. Ƙaho ya taɓa faɗuwa a dutse ya tsage. In za a busa sai a murza kaki a toshe, a ɗaure da fata. Ana ji?"

"Ana ji."

Daga nan muryarsa ta sauka. Ya ce busa ta ƙarshe a kansa aka yi ta. Shekarar da kurkunu ya kama shi ƙafa biyu, wata uku bai taka ba. Cittarsa na gona, ciyawa ta rufe ta. Babban yaronsa, wanda ke zaune wurin kawunsa a Zonkwa yana firamare, ya ci jarrabawar sakandare a shekarar. Baba bai kama sunansa ba, ɗan fari ne. Lokacin mahaifin Baba ya riga ya yi baftisma, ya tsufa, ya jefa ƙahon a rumbu shekaru, tunda mutane sun fara cewa kayan da ne.

"Tsoho ya ce, yaron nan zai zauna a gida saboda ciyawa?"

"Haka ya ce."

"Ya shiga rumbu ya ɗauko. Ya toshe da kaki. Ya hau dutse da sanda, yana hutawa, yana hawa."

"Ina kallon shi."

"Ya busa har leɓe ya fashe. Ina kwance ina ji. Na ce ba wanda zai zo, an manta."

"Sai me?"

"Sai na ji fartanya. Gari duka! Har fasto ya tuɓe kwat ya shiga kunyoyin gona. Kafin rana ya kai tsaka an gama. Citta nan ya sayi akwatin ƙarfe, ya sayi takalmi, ya kai yaro makaranta. Tsoho bai ga rani na biyu ba."

Mama ba ta ce "to" ba a nan. Ta ajiye faifai ta share ido da bakin zane, ni ma na juya ina gyara wayar da ba ta lalace ba. Da na kashe rikoda na tambayi Baba me ya hana shi gaya wa ɗansa. Ya ce ba a gaya wa yaro abin da aka yi masa, kada ya ji nauyi. Da ya girma kuma, in an fara magana sai ya duba agogo. Baba ya ce ya ba da ƙahon ne don ya ji an ce a can mutane za su riƙa tambaya.

Rafi ya janye ƙarfe goma. Mama ta cusa mini gyaɗa da citta ɗanya a jaka. Zonkwa sha ɗaya da rabi, Kafanchan sha biyu da kwata.

Nan ma sai da halina ya so ya kayar da ni. Na buɗe kwamfuta, hannuna ya shiga aikin da ya saba. Na cire zakara, na cire akuya, na cire duk "ana ji" da "to" na Mama Saratu, na haɗe maganar Baba ta zama minti biyu da rabi, sumul. Na miƙa wa Madam abin kunne ina jiran yabo. Ta saurara ta cire.

"Wannan sanarwar rasuwa ce?"

"Haba Madam! Ki ji tsabta."

"Na ji tsabta. Sa mini wanda ba ka wanke ba."

Na sa mata. Tun ba a yi nisa ba na ga bakinta na motsi, can sai na ji ta ce "Ashe!" da ƙarfi. Da ya ƙare ta cire abin kunne, sannan ta ce, "Kakin zuma. Ubangiji ya gafarta mini." Na mayar da Mama Saratu wurinta, na mayar da zakara. Tarin Baba guda biyu kawai na cire, shi ma don kada hannuna ya yi ƙaiƙayi. Sauran lambobin muka ɗauka kafin magariba, Madam na bayani, mai sharar makarantar, wata dattijuwa, tana amsa mata.

Asabar: Lamba bakwai

Dattijo Ishaya ya iso ƙarfe goma daidai, ko minti ɗaya bai ƙara ba. Dogo kamar ubansa, fari ya fara fita a kansa, farar shadda, agogo mai sheƙi. A hannunsa akwai buhu a naɗe. Ya gaisa da mutunci amma fuska ba walwala.

"Madam, ba rigima na zo yi ba. Ki ba ni kayan gidanmu in tafi. Ni na yi shekara ashirin ina hidimar Ubangiji, ba za a riƙa nuna ni da yatsa ba."

"Kayanku ne, Dattijo, ba mai hana ka," in ji Madam. "Takardar nan ni na rubuta, kuma ban tambaya ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kai ne baƙonmu na farko da zai gwada wayar nan. Danna bakwai, minti huɗu ne."

Ya duba agogo. Wallahi sai da ya duba! Na cije leɓe. Ya karɓa don kunyar idon Madam, na gyara masa abin kunne, ya danna.

Mu ba ma jin komai, fuskarsa kawai muke karantawa. Da farko ya ɗaure gira, jin muryar uwarsa ya sa ya ɗago kai. Ya dubi jakar fatar, ya matsa kusa ya sunkuya. Ya miƙe. Buhun ya zame daga hammatarsa ya faɗi, bai ɗauka ba. Ni na san daidai inda yake a labarin, don na ji shi sau ashirin: tsoho na hawan dutse da sanda. Ɗakin tsit, sai fankar sama. Mai abin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa, shi ya sa da ta fito har mai shara ta leƙo daga waje.

"Ina ji, Baba!"

Ya tsaya haka har ya ƙare. Ya cire abin kunne a hankali, ya ciro hankici, ya daɗe yana goge tabarau.

"Akwatin nan yana nan," in ji shi, ba da kowa yake ba. "Na ɗauka rance ya ci."

"Yana ƙarƙashin gadonka," na ce. "Shekaranjiya a kansa na ajiye takalmina."

Ya ce a buɗe masa akwatin gilashin da ƙahon ke ciki. Madam ta dube ni, na dube ta, amma ta riga ta yi alkawari. Ta buɗe. Ya ɗauko ƙahon da hannu biyu, ya kwance bakin 'yar jakar, ya shinshina. Ya juyo mana da ita, ga ɗan dunƙulen kaki ya bushe ya yi baƙi, har da shatar babban yatsa a jiki. Ya ɗaure, ya goge ƙahon da hankicinsa tun daga baki har ƙarshe, ya mayar. Takardar ya ɓamɓare, ya miƙa wa Madam.

"Wannan za ki ƙone," in ji shi.

Ya roƙi in tura masa muryar a wayarsa, zai saka a guruf ɗin da aka saka hoton. Sannan ya tambayi ko rafin garinsu ya janye. Na ce jiya ya janye, amma motarsa ba za ta shiga ba, sai babur. Ya dubi farar shaddarsa, ya ce ba komai.

Komawa gida

Ƙarfe ɗaya na bar Kafanchan, bayan Madam ta rubuta sabuwar takarda a gabana: "Ƙahon gayya." Kafin in fita wasu mata huɗu 'yan zumunta sun shigo sun karɓi wayoyi. Ina ɗaure jaka ina jin ɗakin ya cika da "To!" da "Ka ji!" da "Haka ne!", kowace da lambarta. A da, da na ce a yi shiru. Na tsaya a ƙofa na ɗan saurara, kuma na ji daɗi har cikin raina.

Zonkwa biyu saura kwata, Kachia uku da minti goma, inda na sayi zuma don Maman yara ta yafe mini sammako. Ruwa ya tare mu a Kasuwan Magani, direba ya rage gudu. Ƙarfe shida da rabi na buga ƙofar gida. Ta buɗe ta ƙirga da yatsu, ta ce kwana huɗu cif, lallai tsufa ya fara gyara ni.

Ina cikin wanke ƙafa Madam ta kira.

"Malam Bitrus, saƙo daga Ungwan Kanya. Dattijo ya isa, shadda duk taɓo. Tun la'asar yana gindin mangwaro, ya sa Baba ya faro daga farko, shi ke amsawa. Ya cire agogo ya sa a aljihu."

"Madalla!"

"Mama Saratu kuma ta ce a gaya maka ba ta yafe ba. Ranar Alhamis ka kore ta daga ɗaki, yau ka sa an ƙwace mata aiki."

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Madam Rifkatu da tuwon accarta, da direbobi, da mai babur da ya tsallakar da ni rafi sau biyu bai yi tsaki ba. Babbar godiyata ga Mama Saratu ce. Duk wanda hanya ta kai shi Kafanchan, ya shiga ya danna bakwai, zai ji ta a bayan muryar mijinta tana ɓarar gyaɗa. In Baba ya tambaya ko ana ji, don Allah a amsa masa.